LACCA: LAMBAR GIRMA TA MAI AIKI CE KO TA MAI SUNA?

Dattawanmu da iyayenmu mata, 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfunanku da wuri don ku zo ku saurara, muna yi muku barka da zuwa. Masu tebur da 'yan koli da mahauta da 'yan dako, kowa ya gyara zama, gama maganar yau ta awo ce, awo kuwa ba wanda ya fi ku saninsa.

Ga abin da za mu ɗora a sikeli. Mutum ya tashi ya tara wa mabukata kuɗin taimako, jaridu da rediyo da talabijin suka ɗauki sunansa suka kai shi ko'ina, har yaro da babba suka san fuskarsa. Shin wannan ya cancanci ƙasa ta rataya masa lambar girma? Za mu ɗauko maganar daga Ingila, domin can aka yi ta a fili kowa ya gani, can ne kuma tushen waɗannan lambobi da muka sani. Kun tuna Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan Sa ɗin da ke gaban sunansu daga fadar Ingila ya fito, na Sardauna a 1959, na Abubakar a 1960.

Lambobin nan hawa hawa ne kamar tsani. A can ƙasa akwai wadda a ke kira BEM, sai MBE, sai OBE, sai CBE, sa'an nan a sama sarautar Sa ga namiji, mace kuwa a ce mata Dame. Sau biyu a shekara a ke fid da sunaye, ran sabuwar shekara da kuma cikin watan Yuni, kowane karo mutum fiye da 1,000. Da sunan mai sarautar Ingila a ke bayarwa, amma fa takardar sunayen ta hannun Firayim Minista ta ke bi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A watan Afrilu na 1920 aka haifi wani yaro a garin Keighley, aka sa masa suna Tom Moore. Ya girma ya shiga soja, ya yi yaƙin duniya na biyu a Indiya da Bama, ya kai muƙamin Kyaftin. Yankin Arakan inda ya yi aiki, nan ne runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma suka sha daji da ruwan sama, cikinsu kuwa da kakannin waɗansunku da ke zaune a nan. Bayan yaƙi ya koma gida ya yi aikinsa na kamfani, ya tsufa, ba wanda ya san da shi sai danginsa da maƙwabta. A 2018 ya faɗi ya karye a ƙugu, asibitin gwamnati ya yi jinyarsa, ya tashi yana tafiya da keken dogarawa.

Sai ga annobar korona a 2020, aka kulle Ingila, kowa na cikin gida. Ran 6 ga Afrilu tsohon nan, yana da shekara 99, ya ce zai kai ya komo sau 100 a farfajiyar gidansu, tsawonta mita 25, kafin ya cika shekara 100 a ƙarshen wata. Fam 1,000 kaɗai ya ke fatan tarawa, don ya gode wa ma'aikatan asibiti da suka duba shi. Iyalinsa suka aika wa 'yan jarida labari. Talabijin ta BBC ta nuna shi da safe, tsoho da kwat da lambobin yaƙi a ƙirji yana tura kekensa. Kai, jama'a, sai kuɗi suka yi ta zuba ta intanet kamar ruwan Agusta! Ran da ya cika shekara 100 aka rufe asusu da fam miliyan 32 da dubu ɗari bakwai da 'yan kai, da aka haɗa da rangwamen haraji ya tasam ma miliyan 39. Katin gaisuwa fiye da 150,000 aka aiko masa. Jiragen yaƙi irin na dā suka wuce ta kan gidansa don girmamawa, soja suka ba shi Kanar na ban girma. Cikin watan Mayu Firayim Minista Boris Johnson ya sa sunansa shi kaɗai, ba a jira lokacin da aka saba ba, ran 17 ga Yuli kuwa Sarauniya Elizabeth ta ɗora masa takobi a kafaɗa a filin fadar Windsor, ya zama Sa Tom. Bai daɗe yana cin sarautar ba, ya rasu ran 2 ga Fabrairu 2021.

To, yabon gwani ya zama dole. Tsoho mai karyayyen ƙugu da ya ƙi kwanciya, ya ce bari in yi abin da na iya, wannan ɗan halak ne, kuma ba mu zo nan don mu ci naman mamaci ba. Kuɗin nan da ya tara sun isa inda aka nufa, watau ƙungiyar da ke haɗa asusun taimako na asibitocin ƙasar, ba wanda ya taɓa ko kwabo a ciki. Wanda duk ya gaya muku an cinye su, ƙarya ya ke yi.

Amma mu zo kan awo. Fam miliyan 32 ɗin nan daga aljihun wa suka fito? Mutum wajen miliyan ɗaya da rabi ne suka ba da su. Ku raba, za ku ga kowa fam 20 da 'yan kai ya sa. Direbobi ne da masu shara da tsofaffi masu cin fansho da yara masu ɗan asusu, waɗansu ma aikinsu ya tsaya saboda kulle. Ku dillalai kun san ka'ida. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, yana da la'adarsa, ba mai hana shi. Amma ba mu taɓa jin an ce sa na dillali ne ba don shi ya ɗaga murya a kara. In ana batun wanda ya yi kyauta, ga su nan miliyan ɗaya da rabi ba wanda ya san sunansu.

Sa'an nan me ya sa nasa ya kai miliyan 32, na wani bai kai dubu ba? Cikin wannan wata ɗin mutane da yawa a Ingila sun yi irin abin da ya yi, waɗansu ma sun fi shi shan wuya. Ga wani dattijo a unguwar Bow ta birnin Landan, sunansa Dabirul Islam Choudhury, haifaffen ƙasar da yau a ke kira Bangaladash. Shi ma shekararsa 100. Ya ga Kyaftin Tom ya ce shi ma zai gwada, ya kewaya lambun gidansu sau 970, cikin watan Ramalana, da azumi a bakinsa. Ya tara fam 420,000. Aka ba shi OBE, watau hawa biyu ƙasa da na Kyaftin Tom. Shekara ɗaya, niyya ɗaya, ƙafa ma tasa ta fi taka ƙasa. Abin da ya raba su shi ne wanda na'urar ɗaukar hoto ta fara tsayawa a ƙofar gidansa. Mai jarida kuwa ba alƙali ba ne, ɗan kasuwa ne kamarku, abin da zai sayu ya ke nema. Tsohon sojan Ingila mai lambobi a ƙirji, ana saura kwana kaɗan a yi bikin cika shekara 75 da gama yaƙin Hitila, wannan haja ce da ba ta kwana a rumfa. In gwamnati ta auna girman lamba da yawan kuɗin da aka tara, alhali yawan kuɗin ya bi yawan shelar da aka yi, ashe editan jarida ne ya naɗa sarautar, Sarauniya takobi kawai ta riƙe.

Yanzu mu komo kan abin da muka ce ku riƙe, watau hannun Firayim Minista. Me ya sa gwamnati ta yi wuf ta rungumi tsohon nan? A bisa al'ada, in aka kai sunan mutum, sai a yi shekara guda ko fiye ana bincike ana tambayar waɗanda suka san shi. Na Kyaftin Tom kuwa, daga ran da ya fara tafiya zuwa ran da aka yi shelar sarautarsa, mako shida ne da 'yan kwanaki. Ku dubi abin da ke faruwa a asibitoci a waɗannan makonni. Riga da safar hannu da takunkumin da ke tsare ma'aikaci daga cuta sun yi ƙaranci, har aka ga hoton nas-nas a wani asibiti na Landan sun sa ledar zuba shara a jikinsu maimakon rigar aiki. Wani likita mai suna Abdul Mabud Chowdhury ya rubuta wa Firayim Minista roƙo a fili cikin watan Maris, ya ce a ba kowane ma'aikaci kayan kare kai. Mako uku bayan haka cutar ta kashe shi. Cikin likitoci huɗu na fari da annobar ta kashe a Ingila, biyu 'yan asalin Sudan ne, ɗaya ɗan asalin Pakistan, na huɗun kuwa namu ne, Dokta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi. Ya yi wa asibitocin Ingila aiki kusan shekara 40, ya yi ritaya amma bai ajiye aiki ba, ya rasu ran 31 ga Maris 2020 yana da shekara 68. Mutane suna ta tambaya, ina kayan aiki, ina gwaji, me ya sa tsofaffi ke mutuwa a gidajen jinya kamar kaji? Ana cikin wannan sai ga labari mai daɗin ji ya faɗo daga sama. Wace gwamnati ce za ta bar shi ya wuce ba ta tsaya kusa da shi an ɗauke su hoto tare ba?

Ku lura da wani abu kuma. Asibitocin gwamnatin Ingila, waɗanda aka kafa a 1948 don kowa ya sami magani ba da biya ba, da harajin jama'a a ke tafiyar da su, kuma a wancan lokaci suna cin fiye da fam biliyan 130 a shekara. In kun yi lissafi za ku tarar duk abin da Kyaftin Tom ya tara bai kai abin da su ke kashewa cikin awa 3 ba. Kuɗin nasa ma ba na albashi ko gina asibiti ba ne, an sa su ne wajen ɗakunan hutawa na ma'aikata, da na'urorin da majiyyaci zai gana da iyalinsa, da irin waɗannan. Abu ne mai kyau, amma gyara ne a kan mudu. Shi mudun kansa yana wuyan gwamnati. To, da annoba ta lafa, mudun nan ya cika? A watan Maris na 2021, 'yan kwanaki bayan an yi jana'izar Sa Tom, gwamnatin da ta ba shi sarauta ta ce ƙarin da za ta iya yi wa ma'aikatan asibiti shi ne ɗaya cikin ɗari. Da aka yi ca a kanta ta mai da shi uku. Waɗannan su ne mutanen da aka yi mako goma ana fitowa ƙofar gida kowace Alhamis da dare ana tafa musu. A watan Yuli aka ba hukumar asibitocin gaba ɗayanta wata babbar lamba mai suna George Cross, wadda ba ta sayen ko gwangwanin madara. Da tura ta kai bango, a Disamba 2022, babbar ƙungiyar nas-nas ta yi yajin aiki na ƙasa, irin wanda ba ta taɓa yi ba cikin shekara 106 da kafa ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In kuna so ku gane irin mai taimakon da mahukunta su ke so da wanda su ke haƙuri da shi kawai, ku dubi yaron nan ɗan ƙwallo, Marcus Rashford. Ya tashi a gidan talauci a Manchester, abincin makaranta na kyauta ya rene shi. A cikin annoba ya taimaki wata ƙungiya mai suna FareShare ta tara wajen fam miliyan 20 don ciyad da mayunwata. Bai tsaya nan ba. A watan Yuni 2020 ya rubuta wa 'yan majalisa takarda ya ce yara fiye da miliyan ɗaya za su kwana da yunwa in aka yanke musu abinci lokacin hutu. Gwamnati ta ce a'a, kashegari ta ce to. Cikin Oktoba aka ba shi MBE, hawa na biyu daga ƙasa. Ko mako biyu ba a yi ba, ran 21 ga wata, aka kawo maganar ci gaba da abincin yaran gaban majalisa, 'yan jam'iyyar gwamnati suka kayar da ita da ƙuri'a 322 a kan 261. Kun ji fa! An rataya masa lamba saboda ciyad da yara, sa'an nan aka ƙi ciyad da yaran. Shi kuwa bai ce an ba ni goro bari in yi shiru ba, ya ci gaba da matsa musu, sai da suka sāke ba da kai a watan Nuwamba. Ɗaya ya ɗauke wa gwamnati kaya, aka kai shi ƙololuwar tsani. Ɗaya ya aza mata kayanta a ka, aka tsai da shi kusa da ƙasa.

Mutanen dā sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ba mu ce a jira arba'in ba, amma ku ji abin da gaggawa ta haifa. Tun a watan Yuni 2020, takobi bai ma taɓa kafaɗar tsoho ba, aka yi rajistar wata sabuwar gidauniya da sunansa, dabam da asusun farko. Sunan Sa Tom ya zama tambarin haja, aka buga shi a littattafai da riguna har da kwalaben giya. A 2022 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin taimako ta Ingila ta buɗe bincike, a Nuwamba 2024 ta fid da rahoto. Ta ce kamfanin iyalin ya karɓi fam miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a kan littattafai uku, masu saye suna tsammani wani abu zai shiga gidauniya, ko sisi bai shiga ba. Ta ce 'yarsa ta karɓi fam 18,000 don halartar wani bikin ba da kyauta, gidauniya ta sami 2,000. An nemi iznin yin gini a gidan da sunan gidauniya, da gini ya tashi sai ga tafkin wanka na shaƙatawa a ciki, hukumar gari ta sa aka rushe shi a Fabrairu 2024. Aka hana 'yar riƙon amanar kowace ƙungiyar taimako har shekara 10, mijinta shekara 8. Su dai sun ce an zalunce su, hukumar kuma ba ta ce ta ga laifin da za a kai kotu ba, tsohon kuwa ba a ɗora masa kome ba. Amma ku tambayi kanku, me ya sa mutane suka yi ta miƙa kuɗi ba su nemi ganin littafi ba? Domin sun ga hatimin Sarauniya a kan sunan. Lambar girma shaida ce, ƙasa ce ta ce mun bincika, wannan mudu ba algus. In ƙasa ta buga hatimi ba ta leƙa cikin buhu ba, duk wanda aka cuta da hatimin nan ita ta cuce shi.

Wannan ma mai sauƙi ne in aka gwada shi da na Jimmy Savile. Muna neman gafarar iyayenmu mata, maganar ba ta da daɗin ji. Mutumin nan sananne ne a rediyo da talabijin na BBC shekaru da yawa, ya kuma tara wa asibitoci da ƙungiyoyi kuɗi wajen fam miliyan 40. Shi ya nemo kuɗin da aka gina sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville, wanda aka buɗe a 1983. Firayim Minista Margaret Thatcher ta yi ta neman a ba shi sarautar Sa, manyan ma'aikatan gwamnati suna ja mata birki saboda abin da su ke ji game da halinsa, ta nace har ya samu a 1990. Asibitoci suka ba shi ɗaki, suka ba shi mabuɗai, yana shiga inda ya ga dama dare da rana. Ya mutu a 2011, aka yi masa jana'iza irin ta sarakuna. Shekara guda bayan haka asiri ya tonu. A Janairu 2013 'yan sanda suka ce mutum 450 sun kawo ƙara, yawancinsu suna yara lokacin da ya lalata su. A Stoke Mandeville kaɗai, inda ya gina, fiye da mutum 60, har da majiyyata a kan gado. Waɗansu sun faɗa tun a lokacin, ba wanda ya saurara. Wa zai saurari yarinya a kan mutumin da ya kawo miliyoyi, wanda ke cin abinci da Firayim Minista, wanda Sarauniya ta ɗora wa takobi? An ba kura jiran akuya, aka kuma ɗinka mata alkyabba. Da aka zo karɓe lambar aka tarar ba hanya, wai sarauta ta mutu tare da mai ita. Danginsa ne suka sa aka tumɓuke dutsen kabarinsa da dare.

Ba mu haɗa Kyaftin Tom da wannan la'ananne ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya haɗa labarin biyu shi ne ƙofar da suka shiga. Suna ya jawo kuɗi, kuɗi suka jawo lamba, lamba ta rufe bakin mai tambaya.

Mun san abin da waɗansunku za su ce, domin mun ji ana gunaguni a can baya. Za ku ce, to, in ba a ba irin su Kyaftin Tom ba, wa a ke ba? Ba 'yan koren masu mulki ba ne da masu zuba wa jam'iyya kuɗi? Wallahi kuna da gaskiya. Tun zamanin Firayim Minista Lloyd George a ke sayad da sarautar Sa kamar goro, fam 10,000 kowace ɗaya, har abin ya yi wari aka kafa doka a 1925. Dokar ba ta kashe cinikin ba, ta dai sa an daina yi a bakin hanya. A 2023 wani attajiri ɗan asalin Masar, Mohamed Mansour, ya ba jam'iyyar da ke mulki a lokacin fam miliyan 5, a watan Maris 2024 ya zama Sa, aka rubuta wai saboda kasuwanci da taimako da hidimar siyasa. In tsakanin wannan da tsoho mai keken dogarawa za mu zaɓa, ba sai mun yi shawara ba. Za ku kuma ce mai shekara 100 ba ya jiran bincike, gama ba a ba mamaci irin wannan sarauta. Wannan ma haka ne. Amma ruɓaɓɓen tumatir a kwandon maƙwabci ba ya sa naka ya nuna. Tsohon nan kuma bai rasa godiya ba, ƙasa duka ta yi masa, tun daga katin yara har jiragen sama. Godiya ta zuciya ce, ana yinta nan take, ba ta bukatar akawu. Lamba kuwa ta hukuma ce, da sunan kowa a ke ba da ita, har da nas ɗin da ta sa ledar shara.

Don haka ga inda muka tsaya. Mai tara kuɗin taimako yana iya cancantar lambar ƙasa, ba mu rufe masa ƙofa ba. Amma kada shahara ta zama ita ce tikitinsa, kada kuma a ƙidaya masa kuɗin mutane a matsayin nasa. A dubi abin da ya fita daga jikinsa da aljihunsa da shekarunsa. A bari kiɗa ya tsaya, 'yan kallo su watse, mai binciken kuɗi ya buɗe littafi ya ga abin da ya shiga da inda ya tafi, a je a tambayi waɗanda aka ce an taimaka, ba a gaban mai taimakon ba. Ba a cinikin biri a sama. In ya tsallake wannan, a ba shi, mu ma mu tafa. Sa'an nan a sa shi layi ɗaya da matar da ta yi shekara 30 tana wankin majiyyata, wadda in an tuna da ita sai a miƙa mata BEM, a ga wanda sikeli zai rinjaya wa.

Kada ku ce wannan maganar Turawa ce, ina ruwanmu. Tsanin nan mun gāje shi. A 1964 aka kafa dokar lambobin girma ta Nijeriya, aka sāke haruffa, GCFR da GCON a sama, MON a ƙasa, amma hawan bai sāke ba. A watan Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyen Nghar a ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Ba kuɗin wani ya tara ba, ransa ya ajiye. Amurka ta kira shi ta girmama shi a 2019. Tamu gwamnatin sai a Oktoba 2022 ta rataya masa lamba, cikin taron mutum fiye da 400, ta ba shi MON, a ran nan kuwa shugaban majalisar dattawa ya tafi gida da GCON.

Kun kuma san bikin ƙaddamar da asusu irin namu, inda babban baƙo zai miƙe, sanƙira ya faɗi miliyoyi a lasifika, mata su yi guɗa, a buga a jarida, bayan wata shida kwamiti na ta safa da marwa a ƙofar gidansa cak bai fito ba. Yau kuma ga samari da 'yan mata masu ɗaukar hoton marasa lafiya da waya suna sawa a Facebook ana turo kuɗi. Da yawansu tsakani da Allah su ke yi, sun ceci rayuka, mun sani. Irin waɗannan ba za su ji haushi ba in kun ce a nuna muku rasit na asibiti da jimlar abin da ya shigo, kamar yadda uwar adashi ta gari ba ta fushi in an ce a ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ran da kuka ji an kai sunan ɗayansu Abuja, ku tambaya ko an ga littafinsa, ku tambaya kuma wa ya gani.

Magariba ta gabato, masu nisa suna so su kama hanya. Mai tambaya ya miƙe ya faɗi sunan layinsa a kasuwa, za mu ɗauki uku daga maza, uku daga mata.